Kwamfutar Marigayi Obed

Tun da aka binne Obed, kwamfutarsa ke kunna kanta duk sanda aka kawo wuta. Matarsa Rhoda ta kira fasto ya yi addu'a, maƙwabciyarta Lauratu ta turara habbatussauda, duk a banza. Da Rhoda ta gaji, ta kinkimi kwamfutar zuwa shagon Habibullah mai gyara a kasuwar Gumel.

"Madam, ba fatalwa ba ce," in ji shi. "Marigayi ne ya saita ta, wuta na zuwa ta tashi."

Kafin ta buɗe baki, har ya kashe saitin.

Washegari da hantsi aka kawo wuta. Rhoda ta zauna bakin gado tana jira har azahar, kwamfuta ko motsi. Sai a ranar ta san Obed ya tafi.