Jakar Bayan Ƙofa

Duk mutanen benen da take zaune, Goggo suke kiranta, ko da yake babu wanda ta haɗa jini da shi a cikinsu. Tela ce, tana aiki a wani shagon ɗinki da ke bakin titi, tana zaune ita kaɗai a hawa na uku tun rasuwar mijinta. 'Yarta ɗaya tana aure a wani gari mai nisa.

A bayan ƙofar ɗakinta akwai wata baƙar jaka rataye a ƙusa. Marigayin ne ya haɗa ta, shekarar da gobara ta cinye gidan da ke kallon nasu, suka ga mutane tsaye a titi ba ko takalmi. Ya sa tocila da batura da ƙaramar rediyo, da gorunan ruwa da biskit, ya ɗaure takardunsu cikin leda. Bayan ya rasu, Goggo kan sauya ruwan da biskit ɗin lokaci-lokaci, ta caja fawa-bankin waya da ke ciki ta mayar, amma ba ta taɓa kai hannu ƙasan jakar ba.

Daminar ta zo da ƙarfi. An yi kwanaki ana sheƙa ruwa, lambatu ya cika ya shiga ɗakunan ƙasa. Wata rana bayan la'asar bangon matakala ya tsage, 'yan kwana-kwana suka zo suka ce kowa ya fita, kada a tsaya ɗaukar kaya. Goggo ta yafa mayafi, ta saɓa jakar, ta sauko tana dafa bango. Kowa na kiran nasa. Ta fito titi ba wanda ya kira ta.

Aka kai su wata makarantar firamare da ke kan tudu, aka buɗe musu aji. Babu wuta. Ta samu benci kusa da taga ta kunna tocila, nan da nan aka san da ita.

"Goggo, don Allah ko kina da filasta? Kwalba ta yanke mini ƙafa," in ji matar direba, maƙwabciyarta ta hawa na biyu.

Ta wanke mata ciwon da ruwan gora, ta naɗe shi da bandeji. Wayoyi suka yi layi a kan fawa-bankinta. Wani mai gyaran firji ya ce, "Goggo, jakar nan taki ko akwai ɗaki da falo a ciki, mu kama haya?" Aka yi dariya, ita ma ta yi. Duk wanda wayarsa ta farfaɗo sai ya koma gefe yana cewa, "Muna lafiya, kada ku damu." Ta kira 'yarta, layin bai shiga ba. Ta sake gwadawa, sannan ta kife wayar a cinya.

Surukin matar direba, wani tsoho mai tari, yana zaune a ƙasa yana karkarwa cikin jiƙaƙƙiyar riga. Goggo ta zura hannu can ƙasan jakar tana neman abin rufa. Ta taɓo ulu. Rigar sanyin mijinta ce, wadda ta yi ta nema bayan rasuwarsa har ta haƙura. A aljihun akwai maganinsa na hawan jini da tsohon tabaransa. Ta riƙe rigar a cinya ta daɗe, sannan ta cire abin da ke aljihun, ta tashi.

"Baba, cire wannan ka sa wannan."

"Ta mai gidanki ce, 'yata?"

"Tasa ce."

"Allah ya jiƙansa. Doguwa ce, ashe mutum ne mai tsayi."

"Sai ya sunkuya yake shiga ƙofa," ta ce.

Kafin magariba motoci da babura suka fara zuwa. Wannan yayansa ya zo, waccan kawunta ya aiko. Direba ya zo ya kwashi iyalinsa zuwa gidan ƙanwarsa. Matar ta tsaya a bakin ƙofa tana ɗingishi.

"Goggo, ke fa? Wa zai zo ya ɗauke ki?"

"Ana hanya," ta ce, don ta ga motar ta riga ta cika.

Tsohon ya ɗaga mata hannu ta taga, hannun rigar ya rufe masa yatsu. A ajin ta kwana, ita da wasu mata biyu da ba ta sani ba, ta yi matashin kai da jakar.

Da safe 'yarta ta kira tana kuka, ta ce Goggo ta taho wurinsu. Goggo ta ce akwai ɗinkin mutane a hannunta, sai ta gama. Hukuma ta ce benen ba zai sake zaunuwa ba, aka bar kowa ya shiga ya kwashi abin da zai iya, mutanen suka watse unguwa-unguwa. Mai shagon ya ba ta ɗan ɗakin ajiye yadi da ke baya, ta shimfiɗa katifa tsakanin dilolin atamfa.

Idan ta fita sayen zare takan bi ta gaban benen. An toshe ƙofar da kwano. A hawa na uku labulenta yana nan, ta manta ba ta cire shi ba, kuma yanzu ba a barin kowa ya hau.