Jan Ɗigo a Tsakar Gida

A ɗakin kwamfuta na sashen nazarin taswira, kujerar bakin taga tata ce. Ba wanda ya ba ta. Sauran ɗaliban digiri na biyu ne ba sa son wurin, don hasken rana yana kashe musu fuskar kwamfuta. Shiru-shiru suke kiranta, ita kuma ba ta taɓa musawa ba. Idan rana ta take suka fita cin abinci a ayari, Dogo, mai barkwancin ajin, yakan leƙo ya ce, "Shiru-shiru, ki tsare mana duniya kar ta gudu." Ta yi murmushi, a ja ƙofa, a bar ta da ƙarar fanka.

Aikinta shi ne gano bishiyoyin da garinsu ya rasa cikin shekara biyar, daga hotunan tauraron ɗan'adam. Ita ta zaɓi garin da kanta. Tafiyar yini guda ce daga jami'ar, kuma wata goma sha ɗaya ke nan rabonta da shi. A irin waɗannan hotuna ganye ja yake fitowa, gini da ƙasa kuwa toka-toka, kowane ɗigo kuma faɗin mita goma ne a ƙasa. Mangwaron tsakar gidansu, wanda Baba ya dasa shekarar da aka haife ta, ɗigo ɗaya ne cif.

Ta taɓa tura wa Mama hoton. Nan take Mama ta kira a gigice: "Auta, gobara ce a gidan namu?" Sai da ta yi bayani har sau uku kafin Mama ta yi dariya, dariyarta ta farko tun rasuwar Baba. Daga ranar, duk Asabar idan ta kira ta ce, "Mama, kina ina?" amsar ɗaya ce: "Ga ni zaune a ƙarƙashin gobararki."

Ran Laraba ta sauke sabon hoto, karon farko cikin wata shida. Kamar kullum, kafin ta taɓa komai sai da ta bi titin asibiti da ido, ta shiga lungu na uku, ta tsaya a gida. Ɗigon ya koma toka.

Ta ce ko gajimare ne. Ba gajimare. Ta riƙa komawa baya cikin hotunan wata-wata, har ta iske inda jan ya ɓace. Wata biyar da suka wuce. Asabar ashirin ke nan Mama na zama a ƙarƙashin abin da babu.

Tana nan zuru Dokta, malamin da ke duba aikinta, ya shigo neman cajarsa. Ya leƙa ta kafaɗarta.

"Wannan ba shi ne lamba arba'in da bakwai a jadawalinki ba? Wanda kika ce kin tabbata bishiya ce?"

"Shi ne, Dokta."

"To ga shi ya ƙaryata ki. Na sha gaya muku, hoto ba shaida ba ne sai wani ya taka wurin da ƙafarsa. Kina da wanda zai duba miki?"

"Ina da shi."

"Gobe nake son jadawalin nan a cike."

Ta fita baranda da wayarta. A ƙasa 'yan ajinsu na dawowa, Dogo a gaba yana kwaikwayon tafiyar wani malami. Ta juya musu baya. Sau biyu tana danna lambar tana katsewa, a na uku ta bari ta shiga.

"Auta? Yau ba Asabar ba ce. Lafiya?"

"Lafiya lau, Mama. Kina ina?"

"Ina kuwa zan kasance? Ga ni a ƙarƙashin gobararki."

"Mama, jan ya ɓace."

Tana jin wani rediyo can nesa, da ƙarar cokali a kwano.

"Kai, wannan na'urar taku akwai gulma," in ji Mama daga ƙarshe. "Saiwarsa ce ta tsaga bangon ɗakina, har ana hango waje. Yayanki ya ce ko bishiya ko ɗaki. Ranar da suka zo da zarto, gidan gwaggonki na tafi na wuni."

"Me ya sa ba ki gaya min ba?"

"In gaya miki ki yi yaya? Ke kaɗai a can, ba ki da wanda za ki yi wa kuka. Na san ki, sai ki haɗiye abin ki daina cin abinci." Muryar ta ɗan karye, sannan ta gyaru. "Kuma ai ban yi ƙarya duka ba. Kujerata na nan inda take. Rana ce dai ke dukana."

Dariya ta zo mata tare da hawaye, ta rasa wanda za ta fara.

"Tsaya ma," in ji Mama. Aka ji jan kujera da takun silifas. "Kututturen ya yi toho. Ganye ɗaya, biyu... huɗu. Na biyar bai gama buɗewa ba. Ba ki gan su ba daga saman?"

"Sun yi ƙanƙanta, Mama. Sai ya yi shekaru."

"To ashe akwai abin da na fi tauraronku gani. Ki riƙa tambayata."

Ta koma ɗaki. An cika, ana ta hayaniya, ba wanda ya lura da idonta. Ta zauna a bakin taga ta buɗe jadawalin. Zaɓi huɗu ne kawai: bishiya, gini, ruwa, fili. A lamba arba'in da bakwai ta zaɓi fili. A gurbin sunan wanda ya taka wurin ta rubuta Mama. Akwai wani ɗan gurbi na ƙarin bayani da ba wanda yake cikawa. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta rubuta: ganye huɗu da rabi, a sake tambaya ran Asabar.