Saƙon da Alhaji Ƙasimu Bai Tura Ba

Duk wanda ya san Karar Wudil ranar Juma'a ya san Alhaji Ƙasimu dillali, ya kuma san ƙa'idarsa: motar shanu ba ta tashi sai ya dafa ta ya yi Fatiha. Shanun da aka loda ran nan ba nasa ba ne, amanar wani Ardo ce daga Lajawa, za a kai su Kudu.

Ana saukowa daga masallaci sai ga Haladu direba ya ratso turaku yana sharce gumi.

"Alhaji, ka ce in tashi yanzu-yanzu in bi hanyar daji. To addu'ar fa? Ni ban saba tafiya haka ba."

"Wace hanyar daji? Ni na faɗa maka?"

Haladu ya miƙa wayarsa. Alhaji ya bi saƙon a hankali da ɗan karatunsa na yaƙi da jahilci. Ga sunansa, ga lambarsa, ga hotonsa. Ya duba tasa wayar, babu alamar ya tura komai. Kowa kuwa ya san masu jiran shanu a waccan hanyar. Nan take zuciyarsa ta ba shi cewa Haladu ya haɗa baki da ɓarayi, ya zo neman shaida ne kawai.

"Kawo makullin motar."

A Kara, direban da aka karɓe wa makulli a bainar jama'a ya gama yawo, ko tunkiya ba mai sake ba shi. Haladu ya miƙa.

Ana cikin haka Safara'u, 'yar Alhaji mai karatun kwamfuta a jami'ar garin, ta iso da kwanon abincinsa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta saurara har ta gane zancen.

"Baba, a ba ni wayarka in gani."

"Wannan ba maganar yara ba ce."

"Wayar kawai zan duba, Baba, ba zan taya shanun ba."

Dillalai suka yi dariya. Ya miƙa mata yana harara. Ba ta daɗe ba ta nuna masa manhajar da yake tura saƙo da ita, mai ruwan gwal.

"Wa ya sa maka wannan?"

"Mai cajin bakin gada. Daga rumbun manhajoji ya sauko da ita, a gabana. Ya ce har saƙon da aka goge tana nunawa."

"Rumbun ma ana cusa jabu, Baba, masu tantancewa ba komai suke kamawa ba. Duk abin da ka rubuta a nan sai ya biya ta hannun wani kafin ya isa. Ya karanta, ya canja, ya tura nasa da sunanka."

Alhaji ya girgiza kai. Shi ba a sayar masa da sa sai ya duba haƙora, balle magana.

"To ka gwada," in ji ta. "Ga Malam Haladu tsaye. Rubuta masa da hannunka. In mutumin yana jiran motar, yanzu idonsa na kan wayarka."

Alhaji ya rubuta da yatsa ɗaya: Haladu ka bi babban titi. Aka yi cirko-cirko. Can wayar Haladu ta yi ƙara, wani dillali ya karɓa ya karanta da ƙarfi:

"Haladu ka bi inda na ce maka. Kar ka kira ni, ina cikin mutane."

Wuri ya ɗauki salati. Alhaji ya dubi 'yarsa, wadda ya sha yi wa faɗa kan yawan latsa waya. Ya juya ya miƙa makulli da hannu biyu.

"Haladu, na zalunce ka. Ka yafe mini."

"Haba Alhaji, ai ya wuce."

"Bai wuce ba. A gaban mutanen nan na ɓata ka." Ya ɗaga murya har mahauta na can gefe suka waiwayo. "Jama'a ku shaida, Haladu mai amana ne, ni ne na yi gaggawa!"

Kafin Safara'u ta gama goge manhajar, dillalai sun yanyame ta, kowa da wayarsa a hannu. Alhaji ya daka musu tsawa da sandarsa:

"Kai, a bi layi! Kuma a matsa mata, malama ba ta aiki a rana."