Tambayoyin 'Yar Fari

Tun ranar da aka damƙa masa darasin Turanci na 'yan aji biyar a wata sakandare da ke Gwandu, Malam Lukuman ya gaya wa abokiyar aikinsa, Malama Hajara, abin da yake tsoro: kada a wayi gari karatun wani ɗalibi ya lalace a hannunsa. Difloma kawai gare shi, sauran malaman kuwa masu digiri ne, saboda haka ba ya aikata komai sai ya auna shi ya sake aunawa.

Da zangon karatu ya kai tsakiya, ya tsara wa ajin aikin bincike, ƙari a kan littafin da suke karantawa babi-babi. Kowane ɗalibi zai zauna da mahaifinsa, ya yi masa tambayoyin da malamin ya shirya game da sana'arsa da rayuwarsa, ya rubuta amsoshin da Turanci. Wanda mahaifinsa ya rasu ne kaɗai aka yarje wa ya nemi wani.

Da aka tashi, Mufida ta tsaya. Ita ce ta fi kowa ƙoƙari a ajin, daga wata ruga kusa da Kambaza take zuwa.

"Malam, ko zan yi da baffana? Shi ma kiwo yake yi."

"Mahaifinki ba ya nan ne?"

"Yana nan." Ta sunkuyar da kai. "Ni ce ta fari."

Malam Lukuman ba baƙon al'adar ba ne. Ko a Kalgo, garinsu, ya san iyayen da ba sa kama sunan ɗan fari. Amma ya ɗauka kunyar ta tsaya ga suna, kuma yana gudun in ya sassauta wa ɗaya, gobe ajin duka ya zo da uzuri.

"Doka ɗaya ce ga kowa, Mufida. Tambaya ce fa kawai, ba kokawa na ce ki yi da shi ba."

Ta tafi gida ƙarshen mako, ba ta dawo ba. Malama Hajara, wadda ke da dangi a Kambaza, ita ta zo da labarin. Mufida ta tarar da mahaifinta da hantsi yana zaune cikin ƙannensa, ta durƙusa, ta buɗe takarda ta soma tambaya. Ya miƙe ya bar wurin. Ita kuwa, da yake an ce mata dole ne, ta bi bayansa tana maimaitawa. Nan take baffannin suka ce boko ta cire mata kunya, uban ya ce daga ranar ta bar makaranta ke nan.

"Kai ma dai," in ji Malama Hajara, "sai ka ce ba a ƙasar nan aka yanke maka cibi ba."

Ranar Asabar, maimakon ya nufi Kalgo gaida mahaifiyarsa kamar yadda ya saba, ya hau babur zuwa rugar. Ya iske Hamidu, mahaifin Mufida, yana ɗaure maruƙa. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo nono a ƙwarya, amma Malam Lukuman ya kasa sha.

"Baba, laifina ne. Ta roƙe ni in canza mata, na ƙi."

Hamidu ya gyara rawaninsa, ya dube shi.

"Malam, tun da aka haifi yarinyar nan ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. In na shigo Gwandu da safe, bayan katangarku nake tsayawa, in ji ana kiran sunaye, in ji ta amsa, in wuce. Ni na dage aka sa ta makaranta, ƙannena ba su taɓa so ba. Kai ka miƙa musu abin da suka daɗe suna nema."

"In na je na ba su haƙuri fa?"

"Na riga na furta a gabansu. Da wane baki zan janye?" Ya gyara zama, ya rage murya. "Wai me ta so ta tambaye ni? Ban tsaya na ji ba."

"Ta farko ita ce, me ya fi faranta maka rai a rayuwarka."

Hamidu ya kai dubansa ga bukkar da ke gefe, inda tufaniyar da ta rufe ƙofa ta ɗan motsa. Ya ja bakin rawaninsa ya share fuska, ya daɗe yana sharewa.

Malam Lukuman ya jawo jakarsa. Ya ciro littafin ajin, ya ajiye a bakin tabarma. Sannan ya ɗaga murya yadda Mufida da ke cikin bukka da baffannin da ke zaune a inuwa za su ji.

"Baba, ga littafinta, mun kai babi na bakwai. Asabar mai zuwa zan dawo in durƙusa wa baffanninta ɗaya bayan ɗaya, kuma ba zan daina zuwa rugar nan ba sai ta koma kujerarta."