Ranar da Alwyn Ya Tsallake Layi

Bankin garinmu bai san zama wuri ɗaya ba. Da can yana babban ginin dutse kusa da agogon kasuwa, wanda yanzu gidan giya ne. Ya koma gefen mahauci, daga nan ya ƙanƙance ya maƙale bayan kantin magani da taga biyu kacal. Duk inda ya nufa Alwyn Probert na biye da shi, ba don kuɗi ba, don ba shi da su. Nerys, ma'aikaciyar da ke taga ta biyu, yake bi, tun bayan rasuwar matarsa. Duk Alhamis sai ya tsaya gabanta ya yi mata hirar ruwan sama, ya koma gida. Garin nan kaf an san abin da ke ransa, bakinsa ne ya ƙi buɗewa.

Sai aka ce za a rufe bankin gaba ɗaya, wai mu koma waya. Nerys kuma za ta tare wurin ƙanwarta a Cardiff.

Ranar rufewa har waɗanda suka manta ƙofar wurin sun fito yin mita. Layi ya kai titi. Alwyn na can ƙarshe da sabon aski, gumi na karyo masa, lokacin tashi na matsowa. Wallahi ya ba ni tausayi.

To mu a nan, ka saci tunkiya a yafe maka, amma ban da tsallake layi.

Nerys ta kai hannu za ta ja labulen tagarta, sai ga Alwyn ya kutso, ya wuce limamin coci, ya wuce tsohuwa Misis Beddoe da sandarta.

"Alwyn Probert, layi muke!" in ji tsohuwar. "Uwarka ba ta koya maka ba?"

Bai waiga ba. "Nerys, kada ki tafi Cardiff. Can ma ruwan ake yi."

"Shi ke nan abin da ka zo faɗa?"

"A'a. Ki aure ni."

Nerys ta dube shi, ta dubi jama'ar da suka saki baki, ta fasa jan labulen.

"Na yarda, sakarai. Amma koma baya ka jira a zo kanka, Misis Beddoe ce gaba."

Ya koma kuwa, har titi, yana dariya yana share hawaye.