Ƙafafuna Sun Ci Tsere Ba Da Ni Ba

Daren jiya na yi wani mafarki da ya hana ni sukuni.

Na tsinci kaina a filin tsere na wani gari inda ruwa ke tsattsafowa daga ƙasa yana tafiya sama. Saura kaɗan a fara gudun mita dubu biyar. Wani bunsuru mai tabarau ne ke rubuta sunayen 'yan tsere a tebur. Ya turo mini wata jar ƙwaya a faranti.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai an hana wannan."

Ya ce, "A nan ba ma hanawa. Kallo kawai muke yi."

Na waiwaya. Tanimu, abokina da muka shekara shida muna atisaye tare, ya sunkuya yana ɗaure takalmi. Na haɗiye ƙwayar.

Ana busa usur, ƙafafuna suka ɓalle daga gwiwa suka tafi abinsu. Na zauna a bakin layi ina kallonsu. Ban taɓa ganin gudu mai kyau irin wannan ba. Suka ba kowa tazarar zagaye guda. Tanimu ya shigo na biyu, ya zube yana haki.

Sai ga ni a ofis. Bunsurun yana tauna gefen takardar sakamako.

"Sunan wa zan sa? Naka, ko na ƙafafun, ko na ƙwayar?"

"Nawa."

"Ka gaji?"

Na shafa goshina, ko ɗigon gumi babu. Ya buga hatimi.

Wurin karɓar lambar yabo yana saman wata doguwar matakala, ni kuwa ba ƙafafu. Tanimu ne ya durƙusa ya goya ni. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, ina jin bugun zuciyarsa a ƙirjina.

Ya ce, "Mutumina, yau ka yi gudu! Me kake yi da ni ba na yi? Don Allah ka koya mini."

Bunsurun ya ɗaga alƙalami yana jira. Na buɗe baki zan faɗa masa gaskiya, sai na ji na ce, "Atisaye ne kawai."

Ya gyaɗa kai. Ya ce daga gobe zai ƙara zagaye goma, ko da gwiwarsa mai ciwo za ta fashe. Ya ci gaba da hawa, ina bayansa.

Ƙarar bokitin maƙwabciyarmu a bakin famfo ce ta tashe ni, kalmomin nan uku suna ɗaci a bakina.