Murfin Filas

Wanda ya tsara ɗakin sayar da tikitin nan, wallahi bai taɓa zama da mai shayarwa ba. Ɗaki ne kamar kwalin ashana a tsakiyar tashar jirgin ƙasa. Gilashi mai kauri a gaba, da 'yan huji na magana, da durowar ƙarfe da ake turawa waje ta karɓo kuɗi, a sake tura ta da tikiti. Ƙofa ɗaya ce tal, ta baya. Tun da ɓarayi suka taɓa shiga aka ce daga waje za a riƙa kulle ta, makullin kuma a aljihun manaja yake zama.

A nan mai tikiti take wuni, ita da kujera, da fankar da wuyanta ya daina juyawa, da filas ɗin shayi. Ɗanta watansa huɗu. Da asuba yana shan nono ido a rufe, in ta dawo ma yana magagin barci. Da tsakar rana ne kaɗai suke ganin juna. Uwar mijinta za ta goyo shi, ta hau gadar tasha tana tsine wa matakala, manaja ya buɗe ƙofa yana duba agogo, mai tikiti kuwa ta fito ta zauna da ɗanta a bencin bayan ɗakin kaya rabin sa'a. A lokacin yaron yake kama yatsanta, ya saki nono ya kalle ta ya yi dariya, ya koma. Rabin sa'ar nan ita ce duk rabonta da shi.

Kuma ba don tausayi aka ba ta ba. Yaron ne ya ƙi fida, kwalbar shan madara. An sayo doguwa, an sayo gajeriya, an sayo mai kan roba mai laushi, duk ya tofar ya ƙara da ihu. Manaja ya ce to, ta riƙa fitowa har ya saba da fidar. Tsohuwa kullum cewa take, "Wannan miji nawa sai ya kashe min gwiwa kafin ya biya ni kuɗin cefane." Kowa na kiransa mai taurin kai. Uwarsa ma tana taya su faɗa, amma a ranta albarka take sa masa.

Ranar nan aka kira manaja taro a wani ofishi, ya tafi da makulli a wando.

Kafin ma ta hango su jikinta ya gaya mata lokaci ya yi. Ƙirjinta ya yi tam, rigar aiki ta fara jiƙewa. Sai ga tsohuwa ta kutso ta gefen layi, yaro a kafaɗa, ya riga ya fara tsotsar hannu.

"Ke 'yar nan, fito mana. Mijina ya fara zage-zage."

"Mama, a kulle nake. Manaja ya fita."

"Ya fita? Da ke a ciki? Yau ga ikon Allah, ko akuya ai akan bar wa wani igiyarta."

Ta buga wa manaja waya, tana shiga ba ya ɗauka. Ta sake, a kashe. Yaro ya ji muryar uwarsa ta huji, ya juyo, ya gan ta. Nan ya ɓare baki. Tsohuwa ta matso da shi har goshinsa ya taɓa gilashi, wai ko zai yi shiru. Ina! Ga uwa, ga nono, ga shi ya miƙa hannu sai sanyin gilashi. Kuka ya koma shiɗewa, fuskarsa ta yi jawur.

"Malama, jirgi ba ya jira fa," in ji wani mai jakar hannu da ke gaban layi. "Masu jego su zauna a gida mana. Nan wurin aiki ne."

Ta buga masa tikitinsa, ta tura. Tsohuwa ta bi shi da harara. "Kai a bishiya aka tsinko ka?"

Na bayansa ma ta sallama, da na bayan wancan. Ba ta ma san inda suke zuwa ba. Rigarta ta jiƙe har ciki, kowane ihun yaron sai ta ji shi a ƙirji kamar ana matsa mata ƙurji. Ta jijjiga ƙofa, ƙarfe ne. Ta dubi hujin magana, ko yatsa ba zai shiga ba. Ta dubi durowa. Sannan ta dubi filas.

Ta cire murfin, ta ɗauraye shi da sauran ruwan zafi. Ta juya wa layi baya, sai ga kyamarar da ke lungun rufi ta zuba mata ido. Ta juyo, ga mutane. Kunya ta rufe ta har wuya, sai dai kukan ya fi kunyar ƙarfi. Tsohuwa ta gane, ta cire mayafinta ta shimfiɗa a gilashin da hannu ɗaya. "Kowa ya kalli takalminsa," ta ce.

Mai tikiti ta durƙusa ƙarƙashin tebur, tsakanin kwandon shara da wayoyin na'ura, ta tatsa. Da zafi, hawaye na zuba, har murfin ya kusa cika. Ta ɗora shi a durowa ta tura a hankali don kada ya zube.

"Ba zai sha ba, Mama," ta ce. "Ko dai leɓensa ki jiƙa masa."

Tsohuwa ta zauna a kan jakar wani, ta tallafo kan yaron, ta kai bakin murfin leɓensa. Ya kawar da kai. Ta sake kaiwa. Ɗumi ya taɓa harshensa, ya yi tsit. Ya lasa. Sai ya fara kurɓa, kaɗan-kaɗan, yana ajiyar zuciya. Layi ya ɗauki murna, wata mata har da tafi. Mai tikiti ta dafa gilashi tana hamdala, don tsakani da Allah ta ji sanyi a ranta. Ta karɓi murfin ta sake cikawa, ya shanye wannan ma, ya yi gyatsa, ido ya lumshe.

Daidai nan manaja ya shigo da sauri yana kaɗa makulli, bakinsa cike da ban haƙuri. Da ya ga murfi a hannun tsohuwa, sai haƙurin ya tsaya a hanya.

"Au, ashe yana sha a kofi?"

"Yau ya fara," in ji tsohuwa, fuska fal fara'a. "Ashe fida ce ba ya so, ɗan gayu."

"To ai an huta! Ta riƙa tatsa da safe ta bar miki. Ke kin huta da gada, mu mun huta da rufe taga."

"Wallahi ɗana, gwiwar nan ta gode."

Ba wanda ya faɗi mugun abu. Mai tikiti ta buɗe baki, ta rasa da wa za ta yi faɗa. Da tsohuwar da ke hawa gada da ciwon gwiwa? Da yaron da ya ƙoshi? Ita da hannunta ta tura murfin.

Manaja ya buɗe ƙofa, ya ce ta leƙa yaron da sauri, layi ya kai bakin titi. Ta fito ta karɓe shi. Barci yake yi mai nauyi, madara a gefen baki. Ta sa yatsa a tafinsa, bai kama ba. Ta kira shi a kunne, bai buɗe ido ba.

"Kada ki tashe shi," in ji tsohuwa, ta juya baya a ɗora mata goyo.

Ta karɓi murfin ta koma ciki, makulli ya yi ƙara a bayanta. Ta zauna, ta jawo murfin za ta rufe filas, sai tsohuwa ta ƙwanƙwasa gilashi.

"'Yar nan, miƙo min murfin nan. Da shi ya saba."

Ta riƙe shi a hannu, da sauran ɗuminsa. Sannan ta ɗora shi a durowa, ta tura.

"Na gaba," ta ce.